Ƙauyen Da Ba A Nuna Mana A Fim: Zama A Bakin Ruwan Yawuri

Duk wanda ya daɗe yana kallon finafinanmu na Hausa ya san yadda ake nuno ƙauye. Bukka biyu ko uku, akuya a turke, tsohuwa tana daka, can gefe kuma boka ne a gindin tsamiya yana ta surkulle. Idan kuwa aka ce yau ga baƙauye ya shigo birni, to shikenan, abin dariya ya samu: hula a karkace, wando ɗangalalle, ya ga fanka tana juyawa ya zura da gudu. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha ba mu dariya da irin wannan har cikin mutum ya ƙulle, Allah Ya jiƙan sa. To amma fa mai karatu, wasa daban, rayuwa daban. Sau da yawa ƙauyen da kake gani a fim ɗin nan bai wuce tafiyar awa guda daga Kano ba. A je lokeshin da safe, a dawo gida kafin isha.

A wannan karon za mu yi nisa. Za mu gangara can kudancin jihar Kebbi, ƙasar Yawuri, inda kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji. Akwai garuruwa da tungaye a bakin ruwan nan waɗanda in dare ya yi, ba abin da za ka ji sai kukan kwaɗi da ƙarar ruwa yana dukan gindin jirgi. Mutumin birni in ya ji labarin irin wannan wuri, ɗayan biyu yake yi: ko dai ya ce, “Kai, waɗannan sun huta!” ko kuma ya ce, “Allah Ya kiyashe ni da zama a nan.” Duka biyun gaggawa ce. Shirun da ke bakin ruwan Yawuri yana da daɗinsa, yana da aikinsa, kuma masu shi sun biya shi da tsada, har yau ma ba su gama biya ba.

HANYAR ZUWA

Daga Kano tafiyar yini guda ce cur, ko da an yi sammako. Akwai hanyar Gusau zuwa Sakkwato, daga nan a yi kudu ta Jega da Koko. Akwai kuma wadda ke ɓullowa ta Tegina da Kontagora a jihar Neja. Wacce za ka bi? Wannan sai ka tambayi direbobin tasha a ranar, domin su suka san inda hanya take da lafiya. In ta Koko ka biyo, ƙasar Shanga za ka fara takawa kafin ka isa Yelwa, wato garin da yawancin mutane ke ce wa Yawuri. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jebba da Ilori har Legas ta nan ya bi, don haka Yelwa ba ta rabo da tireloli da 'yan kamasho da masu shayi. Wanda ya tsaya a nan ya sha shayi ya wuce, bai ga ƙasar Yawuri ba tukuna.

Masarautar ƙananan hukumomi uku ce: Yawuri mai hedkwata a Yelwa, Shanga daga arewa, sai Ngaski daga kudu, wadda hedkwatarta take Wara a bakin tafki. Da zarar ka ratse daga kan kwalta labari ya canja. Mota za ta ajiye ka ka hau babur, babur ya ajiye ka ka shiga jirgin ruwa. Sunayen wuraren ma kaɗai sun isa su ba ka labari, don za ka yi ta jin Tunga kaza, Gungu kaza. Tunga ɗan ƙaramin mazauni ne na manoma ko masunta, galibi da sunan wanda ya fara sauka a wurin ake kiran ta. Gungu kuwa tsibiri ne a tsakiyar ruwa. Ga Tondi da Gungun Sarki da Zamare a ɓangaren Yawuri, ga Gebbe da Dugu a Shanga, ga Libata da Utono a Ngaski. A Zamare ake tsallaka ruwa zuwa Rofiya ta jihar Neja.

SU WA KE ZAUNE A NAN?

Kowa na jin Hausa a ƙasar Yawuri, kuma kunnen Bakano zai ji ta ta fi karkata wajen ta Sakkwato da Kabi. Sai dai ba kowa ne Bahaushe ba. Akwai Gungawa, mutanen tsibirai, waɗanda suke kiran kansu Reshe. Sun yi suna a noman albasa da tuƙin jirgi da kokawa. Akwai Kambari, manoman gaske, waɗanda suka fi son zama kusa da gonakinsu. Akwai Shangawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan na Busawa da Kyangawa ne, amma yanzu 'yan ƙauyuka kaɗan ne suka rage ana yin sa, sauran duk Hausa ta cinye. Ga Lopawa da Dukkawa, ga Fulani da shanunsu, ga Sarkawa masunta da suka gangaro daga ƙasar Kabi, ga Nufawa da suka hauro daga kudu. A kasuwa guda sai ka ji harshe huɗu ko biyar, amma in an zo ciniki da Hausa ake yi.

Kada ka ga wurin shiru ka ɗauka ba shi da tarihi. Waɗanda suka yi karatun Banza Bakwai a firamare za su tuna da sunan Yawuri a ciki. Tsohon babban birnin masarautar shi ne Birnin Yawuri, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Ngaski, kuma a zamaninsa gari ne mai ganuwa da fatake ke yada zango a cikinsa. Baturen nan Mungo Park ta Yawuri ya bi a jirginsa kafin ya gamu da ajalinsa a ruwan Busa a 1806. A 1830 wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo har fadar Sarkin Yawuri suna neman takardun da ya bari. A 1888 ne Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa. Shi kuwa Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya hau gadon sarautar a 1999, ya taɓa zama shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

RUWAN DA YA CI GARI

Babban abin da ya juya rayuwar mutanen nan bai kai shekara saba'in ba. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta fara gina madatsar ruwa a Kainji domin samar da wutar lantarki, aka gama a 1968. Da aka tare kogin sai ruwa ya yi baya, ya cika kwari da fadama, ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 130, wanda faɗinsa a wani wurin ya haura kilomita 20. In ka tsaya a irin wannan wuri da ƙyar za ka hango ɗaya gaɓar. Tsohon garin Busa ya nutse. Babban tsibirin Foge, wanda mutane suka daɗe suna nomawa, shi ma ruwa ya hau shi. Mutum kimanin 44,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 200, a ƙasar Borgu da ƙasar Yawuri.

Gwamnati ta gina musu sababbin gidaje na bulo masu lanƙwasasshen rufi, waɗanda har yanzu za ka ga irinsu a wasu garuruwan bakin tafkin. Da yawa daga cikin mutanen sun ƙara ɗakunan ƙasa da rumbuna irin nasu a gefe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To gida dai an gina, amma wa zai gina wa mutum gona? Bagungen da ya saba da ƙasar gungu mai laka, wadda kogi ke zuba mata sabon taki duk shekara, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana shayar da albasarsa, sai ga shi a kan tudu inda sai an jira ruwan sama. Kaburburan iyaye da kakanni, da itatuwan da aka taso aka tarar, duk suna ƙarƙashin ruwa.

Mai karatu, riƙe wannan da kyau. Injinan Kainji an kafa su ne da ƙarfin megawat 760. Wutar nan ta haska Legas da Kaduna da Kano, har Yamai ta Jamhuriyar Nijar an ja ta. Da irinta muka kunna bidiyo muka kalli su Sangaya da Wasila a zamanin kaset, da irinta muke cajin waya yau. Amma akwai tungaye da dama a bakin wannan ruwa da har gobe ba su ga sandar lantarki ba. An kafa wata hukuma mai suna HYPPADEC domin kula da al'ummomin da ke zaune a inda ake samar da wuta daga ruwa, kuma Kebbi na cikin jihohinta. An sa hannu a dokarta a 2010, amma sai da aka yi kusan shekara goma kafin ta fara aiki.

AGOGON ƘAUYE

Yaya yini yake a tunga? Tun kafin kiran assalatu masunta sun tura jirage sun tafi duba kalli da mamarin da suka kafa jiya da yamma. Ana idar da sallah manomi zai sha kunu ko koko, ya saɓa fartanya. Kafin rana ta ɗaga an yi rabin aikin yini, don wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Da hantsi jirage za su fara dawowa, bakin ruwa ya cika da mata da 'yan sari: ga karfasa, ga tarwaɗa, ga kurungu, in an yi sa'a ga giwan ruwa wanda sai mutum biyu sun kama. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin kifayen nan da ake kira warangi, waɗanda ake shanyawa a rana a auna a mudu. Abin da ba a sayar ɗanye ba sai a yi bandarsa, shi ya sa ƙamshin hayaƙin kifi ba ya barin tunga.

Mata kuwa ba su da lokacin zama. Ɗibar ruwa, itace, daka, turara shinkafa a manyan tukwane a shanya ta kafin a kai inji, banda, ga raino. Duk budurwar da ta ce ita ƙauye take so saboda ta ga jaruma a fim tana rausaya a bakin rafi da tulu a ka, to ta zo ta ɗauki tulun na gaskiya sau biyar kafin hantsi, sannan mu sake magana.

Shekara ma da agogonta, kuma ruwa ne ke juya shi. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a nan. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ke zuwa daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba. Ruwan daminarmu ne ta nan kusa, ya kwaso laka shi ya sa ya yi fari-fari. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke isowa cikin hunturu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Daga ina? Daga duwatsun ƙasar Gini, inda kogin ya samo asali. Ruwan yakan yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso Yawuri garau, sai ido ya gan shi kamar baƙi. Ikon Allah ke nan: damina ta sauka a Gini, manomi ya amfana a Wara.

In rani ya yi nisa kuma, masu dam suna ta sakin ruwa don juya injina, sai tafkin ya ja baya, ya sauka da kusan mita goma, ya bar fili mai danshi. Nan manoma ke bin ruwa suna shuka, nan Fulani ke kawo shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da daji ya bushe ƙamas. Da damina a yi gero da dawa da masara da gyaɗa a tudu, shinkafa a fadama. Da kaka a yi girbi a ɗaure dammuna a cika rumbu. Da sanyi a dasa albasa, a yi ta ban-ruwa har bazara. Ka ga ke nan wanda ya ce mutumin ƙauye zaman kashe wando yake yi in damina ta wuce, bai zo nan ba.

IN DARE YA YI

A nan ne za ka san daɗin wurin. Bayan isha gari zai yi tsit. Babu hon, babu jiniya, babu janareton maƙwabci da ke hana ka barci. Ka ɗaga kai ka ga taurari birjik kamar an watsa gero, irin waɗanda fitilun birni suka daɗe da ɓoye mana. In farin wata ne, ruwan tafkin sai ya riƙa ƙyalli, ka hango ɗan hasken tocilan na masunci can nesa. Tuwon shinkafa ko na dawa da miyar ɗanyen kifin da aka kamo ɗazu, wallahi mai kuɗin birni bai isa ya saye shi a otal ba. A ɗan taɓa hira a dandali, dattijai a gefe, samari a gefe, kowa ya san kowa har kakansa.

Wannan sanin juna shi ne jarin mutumin tunga. In rufin ɗakinka ya yaye, ba sai ka nemi lebura ba. In aikin gona ya fi ƙarfinka, ka kira gayya, ka dafa abinci, abokai su taru su nome maka, gobe kai ma ka je ta wani. In aka yi rasuwa, gari duka ne ke zaman makoki. Baƙo ba ya kwana da yunwa. Sai dai kuma inda kowa ya san ka, babu abin da za ka ɓoye. Saurayin da ya tsaya zance da yarinya yau, kafin gari ya waye labari ya tsallaka ruwa.

Kada kuma ka ɗauka ba su san duniya ba. A duk garin da ya ɗan tasa za ka tarar da shagon mai cajin waya da farantin sola a kan rufi, shi ne kuma mai tura finafinai da waƙoƙi a memori. Samari su haɗa kai huɗu ko biyar a kan waya guda suna kallon su Labarina da Izzar So, ko kuma a je gidan kallo a biya a ga ƙwallon Turai. Akwai tungar da sai an hau tudu ake samun sabis, amma duk da haka sun san jarumanmu ɗaya bayan ɗaya. Mu ne dai ba mu san su ba.

Wasanni ma suna da nasu. Bayan kaka akan yi kokawa, gari ya gayyaci gari. A Yelwa kuma akwai bikin Rigata, wanda aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan, inda ake tseren jirage da iyo da nuna bajintar ruwa. Ana danganta asalinsa da jarumtar Gungawa ta farautar dorina a zamanin da. In ka ga matasa sun jeru a dogon jirgi, filafilai na tashi suna sauka a tare kamar hannu guda, ga kiɗa na tashi, za ka ce me ya hana masu kyamararmu zuwa nan tuntuni?

TSADAR NISA

To, mun faɗi daɗi, sai mu faɗi ɗaci. Shirun nan da ke sa barci mai daɗi, shi ne kuma ke nufin in ka yi kururuwa babu mai ji daga nesa. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare a gungu, abu ya zo da gardama. Sai an nemi mai jirgi, an nemi mai, an tsallaka ruwa cikin duhu, sannan a nemi babur ko mota zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ɗan gida ne. Yaran da suke wuni a cikin ruwa kuma tsargiya na damun su. Makarantar firamare wani wurin sai an yi tafiya mai nisa, ta sakandare kuwa sai dai yaro ya bar gida.

Ruwan da ke ciyar da su shi ne kuma hanyarsu, kuma hanya ce mai haɗari. Akwai kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun 1968 suna nan a ƙarƙashi, ga iskar damina mai tasowa babu sallama, ga lodin da ya wuce kima a ranar kasuwa. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara, tsakanin jihar Kebbi da jihar Neja. Kimanin mutum 20 kacal aka ceto da rai. An yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Ba a gama share hawayen wannan ba, sai ga wani. A ranar 17 ga Yuni na shekarar, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kwashi ɗalibai da malamai. An sako su kashi-kashi, amma 'yan mata na ƙarshe sai a 2023 suka dawo gida. Ka yi tunanin uban da ya sayar da albasarsa ya kai 'yarsa makaranta don ta fi shi, sannan ya yi kusan shekara biyu bai san halin da take ciki ba. Bayan makarantar ma, ƙauyuka da dama a Ngaski da Shanga sun sha harin ɓarayin shanu, har wasu suka tsallaka ruwa suka fake a tsibirai.

Gona ma ba kullum take biya ba. A 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi ana dab da girbi. Dorina takan fito da dare ta tattake shinkafar da mutum ya yi wata uku yana wahala a kanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuma, injin ban-ruwa da injin jirgi duk suka ƙara tsada, kuɗin tsallaka ruwa ya tashi. Ga kuma tsohuwar matsala: albasa tana nuna a lokaci guda, kowa ya kawo kasuwa, farashi ya faɗi, manomi ba shi da wurin ajiya mai kyau kuma bashi na jiran sa, dole ya sayar. Bayan wata huɗu buhun nan ya ninka kuɗinsa a hannun wani.

A ZAUNA KO A TAFI?

Wannan ita ce tambayar da ke cin zuciyar duk wani saurayi a bakin tafkin nan, sa'anka ne kai mai karatu. Yana ganin birni a cikin wayarsa kullum: gidan sama, mota mai sheƙi, jarumi ya fito da shadda tana maiƙo. Abokinsa ya tafi ci-rani Legas ko Abuja, ya dawo da sallah da sabon babur. Wani ya tafi ramin zinare, don akwai wuraren haƙarsa a yankin Birnin Yawuri, yana fatan dare ɗaya Allah kan yi bature. Shi kuma ga tsoho ya fara gajiya, ga gona, ga jirgi, ga ƙanne. In ya tafi, wa zai noma? In ya zauna, yaushe zai tara kuɗin aure?

Babu mai zagin wanda ya tafi, domin neman halak ne. Amma wanda ya zauna ma ba don rashin wayo ya zauna ba. Shinkafar Kebbi da aka yi ta labarinta tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, irin waɗannan samarin ne suka duƙa suka noma ta. Bandar kifin da 'yan kasuwa ke lodi daga Yelwa zuwa kudu, su suka kwana a kan ruwa suka kamo. Abin da suke nema ba shi da yawa: hanyar da mota za ta bi da damina, asibiti mai ma'aikaci a ciki, jirgi mai lafiya, makarantar da yaro zai je ya dawo, da wutar da aka tashi kakanninsu dominta. In da waɗannan sun samu, da yawa ba za su ko kalli tashar mota ba.

IN ZA KA JE

Gani ya kori ji. In Allah Ya nufe ka da zuwa, lokacin sanyi ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu: tafki ya cika, hanya ta bushe, ga sabon hatsi. Ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, kuma ka tambayi lafiyar hanya kafin ka ratse daji. In ka sauka a gari, fara da gaida mai gari; ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce, “Ranka ya daɗe, baƙo ne.” A bakin ruwa akwai sarkin ruwa, maganarsa ake bi. Dattijo “Baba” ne, dattijuwa “Inna” ce, kuma gaisuwa ba a yi mata gaggawa: a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi ruwa. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matan mutane ba da izini ba. Kada ka shiga jirgin da ka ga ya cika, kada ka yarda da tafiyar dare a kan ruwa, in kuma akwai rigar kariya daga nutsewa, sa abarka ko da za a yi maka dariya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

In kuwa ba ka samu zuwa ba, to ga ɗan abin da za ka riƙe. Duk ranar da kake zaune a gida aka kawo wuta, yara suka ɗauki ihun murna, ka jona wayarka a caji don ka ƙarasa fim ɗin da ka fara, ka tuna akwai mutanen da gonakin kakanninsu ke kwance a ƙarƙashin ruwa saboda wannan hasken, kuma a daidai lokacin wataƙila da tocilan suke cin tuwo. Kalmar nan ta “baƙauye” da muke jifan juna da ita, a riƙa tauna ta kafin a furta.

Allah Ya ba ƙasar Yawuri zaman lafiya, Ya tsare na kan ruwa da na kan tudu, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.